Mafarauta sun ce sun gani, hukuma ta ce a kawo shaida: taƙaddamar zakin tsauni a Amurka

Da misalin ƙarfe 1 na daren ranar 11 ga watan Yunin shekarar 2011, wata mota ta banke wata dabba a kan babbar hanyar da ta ratsa garin Milford na jahar Konetikat, kimanin kilomita 110 daga birnin New York na ƙasar Amurka. Ko da jami'ai suka iso, sai suka tarar da gawar zakin tsauni namiji, mai nauyin kilo 64. Abin ya girgiza jama'ar yankin, domin kuwa wata uku kacal kafin wannan dare, hukumar kula da namun daji ta gwamnatin tarayyar Amurka ta fito ta bayyana cewa irin zakin tsaunin da aka sani a gabashin ƙasar ya ƙare ƙurmus, babu sauransa.

Mafarauta da manoman gabashin Amurka sun yi shekaru da dama suna rantsuwa cewa suna ganin wannan dabba a dazuzzukansu, su kuma hukumomin jahohi suna ce musu kare suka gani ko muzurun daji. Daga nan ne zargi ya shiga tsakani, har ta kai wasu mafarautan na cewa hukuma ta san gaskiya tana ɓoyewa, wasu ma suka ce ita ce da kanta ke sakin dabbobin cikin dare. A wannan fitowa mun bi diddigin wannan taƙaddama domin masu karatu su ga yadda yarda ke lalacewa tsakanin hukuma da mutanen da ke biyan kuɗin aikinta, da kuma irin wuyar da ake sha kafin a ɗinke ta.

Wace irin dabba ce?

Amurkawa na kiranta da sunaye barkatai. Wasu su ce kuga, wasu fuma, wasu kuma zakin tsauni, kuma da wannan na ƙarshe za mu riƙa kiranta. Dangin kyanwa ce, launinta ja-ja-ja kamar na zakanya, sai dai namijin ba shi da geza, kuma ba ya ruri irin na zakinmu. Babba ba shi da zane kamar damisa, amma ƴaƴan ana haifarsu da ɗigo-ɗigo baƙaƙe waɗanda ke gushewa idan sun tasa. Babbar alamarsa ita ce doguwar wutsiya mai kauri da baƙin baki, wadda takan kai kashi ɗaya bisa uku na tsawon jikinsa.

Abincinsa mafi yawa barewar can ƙasar ce, kuma babba ɗaya yakan kayar da kamar guda a kowane mako. Shi kaɗai yake yawo, da dare ko da asuba, yana gudun mutane iyakar iyawarsa. Mutanen da aka tabbatar ya kashe a Amurka da Kanada cikin fiye da shekara 100 kusan 30 ne. Wannan ɓuya tasa ita ce tushen gardamar, domin ko a inda yake da yawa, mutum na iya tsufa a daji bai taɓa yin ido huɗu da shi ba.

Yadda aka kore shi daga gabas

Lokacin da Turawa suka fara kafa gonaki a Amurka, zakin tsauni na ko'ina daga wannan teku zuwa wancan. Da yake yana kama tumaki da maruƙa, sai hukumomi suka sa lada ga duk wanda ya kashe shi ya kawo shaida. Jahar Kalifoniya kaɗai ta biya ladan kashe fiye da 12,000 tsakanin 1907 da 1963. A gabashin ƙasar kuwa, ban da farauta, an sare dazuzzuka an kuma kusa ƙarar da barewar da yake ci. A jahar Mishigan, na ƙarshe da aka sani an kashe shi a 1906 kusa da garin Newberry. A Mizuri an kashe na ƙarshe a 1927, sannan a jahar Maine a 1938.

Daga nan sai ya rage a tsaunukan yammacin ƙasar da kuma wani ɗan ƙaramin garke a fadamun kudancin jahar Filorida. Tun daga shekarun 1960 jahohin yamma suka fara daina biyan lada, suka ƙayyade lokacin farauta da yawan da za a kashe. A Dakota ta Kudu an daina ladan a 1966, aka sa dabbar cikin masu kariya a 1978. Barewa kuma ta dawo ta yi yawa, har ana ƙiyasta ta da kimanin miliyan 30 a faɗin ƙasar. Da abinci ya wadata kuma bindiga ta lafa, sai zakin tsauni ya fara hayayyafa a tsaunukan Black Hills da ke yammacin Dakota ta Kudu, har jahar ta sake buɗe farautarsa a 2005.

A ɗabi'ar wannan dabba, ɗa namiji in ya kai shekara ɗaya zuwa biyu dole ya bar ƙasar da aka haife shi, in ba haka ba manyan maza su kashe shi. Ƴa mace kuwa takan zauna kusa da uwarta. Saboda haka samari ke fantsama neman ƙasa da mata, kuma wanda ya nufi gabas ba ya samun mace, sai ya yi ta tafiya har mota ko harsashi su tare shi. Wani bincike da masana Michelle LaRue da Clay Nielsen da abokan aikinsu suka wallafa a 2012 ya tattara shaidu 178 tabbatattu na zakin tsauni a tsakiyar Amurka daga 1990 zuwa 2008, kuma cikin gawarwakin da aka tantance jinsinsu, kashi 76 cikin 100 maza ne.

Inda magana ta saɓa

Idan maharbi ya kira ofishin hukuma ya ce ya ga zakin tsauni, tambayar farko da ake masa ita ce: ina shaida? Abin da hukuma ke karɓa shi ne gawa, ko hoton da za a iya zuwa a tabbatar da wurin da aka ɗauke shi, ko sawu bayyananne, ko gashi, jini da kashi waɗanda za a kai ɗakin gwaji. Gani da ido kawai ba ya shiga littafi, ko da wanda ya gani dattijo ne da ya shekara 40 yana farauta.

Hukumomin na da dalilinsu. Mafi yawan rahotannin da aka je aka bincika, sai a tarar da babban kare ne, ko wani muzurun daji mai guntuwar wutsiya da ke da yawa a can, ko ma kyanwar gida da aka hango daga nesa babu abin da za a gwada girmanta da shi. Duk maharbin da ya san aikinsa, a can ko a nan, ya san sawun kare na fitowa da alamar farce, sawun dangin kyanwa kuwa ba ya nuna farce saboda a lanƙwashe yake a ciki lokacin tafiya. To amma a kan ƙanƙara mai narkewa ko taɓo, sawu na faɗaɗa ya rikita ido. Bugu da ƙari, da intanet ta shigo, sai hoto ɗaya da aka ɗauka a yammacin ƙasar ya riƙa yawo, yau a ce a wannan ƙauye aka ɗauke shi, gobe a ce a wata jaha. Ma'aikacin da ya sha irin wannan sau ɗari, in na ɗari da ɗaya ya zo, da wuya ya saurare shi da zuciya ɗaya.

Sai dai a namu nazarin, babban kuskuren ya faru ne a wajen furuci. Abin da masana ke nufi shi ne babu garke mai hayayyafa a jahar, wato babu mata da ƴaƴa. Abin da ke isa kunnen maharbi kuwa shi ne babu zakin tsauni sam, kai ne ba ka san abin da ka gani ba. Maganar farko gaskiya ce a mafi yawan jahohin gabas. Ta biyun kuma cin fuska ce ga mutumin da wataƙila ya ga ɗaya daga cikin samarin nan masu wucewa. Wanda aka ƙaryata a gaban jama'a ba ya sake kawo labari, sai dai ya kai shi majalisar abokansa, a can kuwa babu mai tantancewa.

Jita-jitar sakin dabbobi cikin dare

Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da yarda ta tsage, sai labarai suka shiga. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne wai hukumar jaha na sakin zakin tsauni a asirce domin ya rage yawan barewa. Wasu suka ƙara gishiri, suka ce kamfanonin inshora, wato asirans a bakin direbobinmu, su ne ke biyan kuɗin aikin, saboda sun gaji da biyan diyyar motocin da ke karo da barewa. Hukumomin jahohi irin su Mizuri sun sha musanta wannan zance, kuma har yau babu wanda ya kawo takarda, ko mota, ko ma'aikaci ɗaya da ya tabbatar da shi.

Amma me ya sa mutane masu hankali suka karɓi labarin? Domin an gina shi a kan abubuwan da suka faru da gaske. Karon mota da barewa a Amurka ya haura miliyan 1 a kowace shekara, kuma yana cin rayuka. Har ma wani bincike na 2016 ya ƙiyasta cewa da zakin tsauni zai dawo gabashin ƙasar, irin wannan haɗari zai ragu da kashi 22 cikin 100. Sannan hukumomin kan ɗauko dabbobi daga wani wuri su saki a wani. A 1995 da 1996 an kwaso kyarketai daga Kanada aka saki a gandun dajin Yellowstone. A 1995 an ɗauko matan zakin tsauni 8 daga Teksas aka kai Filorida, saboda garken can ya ragu zuwa tsakanin 20 da 30, auratayya tsakanin dangi na jawo musu nakasa. A yau ana ƙiyasta manyansu tsakanin 120 da 230.

Bambancin shi ne duk waɗannan ayyuka an yi su da rana tsaka, da sanarwa, da taron jin ra'ayin jama'a, da ƴan jarida, wani lokaci ma har da shari'a a kotu. Amma ga manomin da ke jin an kawo kyarkeci can, an kawo zaki can, ba abu ne mai wuya ba ya yarda an kawo masa nasa ba tare da an faɗa masa ba.

Wa ke biyan kuɗin hukumar?

Akwai wani abu da zai taimaka wa ɗan kasuwa ya gane zafin wannan magana. A Amurka, kowace jaha ce ke da iko da namun dajinta, kuma kaso mai tsoka na kuɗin hukumar da ke wannan aiki daga aljihun mafarauta da masunta yake fitowa. Hanya ta farko ita ce kuɗin takardar izinin farauta da ake saye duk shekara. Ta biyu wata doka ce ta 1937 mai suna Pittman-Robertson, wadda ta ware harajin da ake ɗora wa kayan harbi: kashi 11 cikin 100 a kan doguwar bindiga, harsashi da kwari da baka, kashi 10 a kan ƙaramar bindiga. Gwamnatin tarayya ke tara kuɗin, ta raba wa jahohi gwargwadon faɗin ƙasarsu da yawan masu takardar farauta, kuma a wasu shekarun baya-bayan nan rabon ya haura dalar Amurka biliyan 1.

Ke nan maharbi na kallon ma'aikacin hukuma kamar yadda mai rumfa ke kallon wanda ke karɓar harajin kasuwa: da kuɗina kake aiki, don haka in na kawo ƙara ka saurare ni. Har ila yau akwai batun barewa. Maharbi ya sayi takarda ne domin ya samu nama, kuma duk zakin tsauni ɗaya abokin takara ne mai cin barewa kusan 50 a shekara. Makiyayi na tunanin maruƙansa, mai gida na tunanin ƴaƴansa da ke jiran motar makaranta a bakin daji.

Ita ma hukumar tana da nata lissafin. Ranar da ta amsa cewa akwai garke mai hayayyafa a jaharta, ta ɗauko wa kanta aiki: ƙidaya, tsara dokoki, amsa koke-koken makiyaya, da shiga tsakanin masu son a kare dabbar da masu son a harbe ta. Mafarauta sun san haka, shi ya sa duk jinkirin da hukuma ta yi, sukan fassara shi da gudun ɗawainiya.

Tafiyar saurayin Milford

Mu koma ga gawar da aka tsinta a Konetikat. Da farko jami'an jahar sun fi zaton dabbar gida ce da ta kuɓuce wa wani mai kiwonta, domin a can akwai masu ajiye irin waɗannan namun daji a keji. Amma da aka bincika gawar, sai aka ga ba a cire mata farce ba, ba a dandaƙe ta ba, babu wata alamar zaman keji. A ƙarshen watan Yulin 2011 sakamakon gwajin ƙwayoyin halitta ya fito: asalinsa daga Black Hills ne.

Abin mamakin bai tsaya nan ba. Gwajin ya yi daidai da gashi, jini da kashin da aka tsinta a jahohin Minesota da Wiskonsin a ƙarshen 2009 da farkon 2010. Wato dabba ɗaya ce ta taka fiye da kilomita 2,400, abin da ya zarce tafiyar Kano zuwa Legas da dawowa, ta ƙetare koguna, gonaki da manyan hanyoyi. Ba a taɓa rubuta tafiyar zakin tsauni mai nisa haka ba.

A cikin wannan tafiya akwai wani zango da ya ƙara wa masu zargi ƙarfi. A watan Disambar 2010 an ga dabbar a bayan wani gida kusa da tafkin Lake George na jahar New York, kuma mai gidan tsohon babban jami'in hukumar muhalli ta jahar ne. An bi sawu, an ɗauki hoto, an tsinci gashi. Amma jama'a ba su ji labarin ba sai a watan Agustan 2011, bayan dabbar ta mutu kuma gwaji ya nuna ita ce. Ko da jiran sakamako ne ya jawo shirun, ga wanda aka daɗe ana ƙaryatawa, wata takwas na shiru ya ishe shi hujja.

Haka kuma a watan Janairun 2008 wani mai ɗana tarko ya bi sawu har cikin wata tsohuwar rumfar dabbobi kusa da garin Milton na Wiskonsin, ya yi kiciɓis da zakin tsauni. Dabbar ta tsere, ta bar ɗigon jini. A watan Afrilun shekarar ƴan sanda suka harbe wani zakin tsauni a tsakiyar unguwa cikin birnin Shikago, kuma gwaji ya nuna shi ne wancan.

Waɗannan gawarwaki biyu sun raba gardama ta wata fuska. Mafarauta sun yi gaskiya da suka ce dabbar na ratsa ƙasarsu. Masana ma sun yi gaskiya da suka ce baƙi ne daga yamma, ba ragowar tsohon irin gabas ba. Shi ya sa a farkon 2018 gwamnatin tarayya ta kammala cire zakin tsaunin gabas daga jerin dabbobin da ake karewa, bisa dalilin cewa ya riga ya ƙare.

Mishigan da Mizuri: yadda aka fara ɗinke ɓaraka

Babu inda aka yi zafin wannan gardama kamar jahar Mishigan. A farkon shekarun 2000 wata ƙungiya mai zaman kanta ta tattara kashin dabbobi daga dazuzzuka, ta ce gwaji ya nuna akwai zakin tsauni mazaunin jahar. An wallafa binciken a 2006, wasu masana suka soki hanyar da aka bi, hukumar albarkatun ƙasa ta jahar, wadda ake kira DNR, ta ce shaidar ba ta wadatar ba. Aka yi ta musayar magana a jaridu.

A 2008 hukumar ta kafa tawaga ta musamman da ke zuwa wurin da aka kawo rahoto, kuma a wannan shekara ta tabbatar da sawu na farko a yankin arewacin jahar. Daga nan zuwa farkon 2025 ta tabbatar da rahotanni fiye da 130, ko da yake dabba ɗaya na iya fitowa a hotuna da yawa, kuma duk waɗanda aka yi wa gwajin ƙwayoyin halitta maza ne. Abin da ya kawo wannan sauyi shi ne wata ƴar kamara da ake ɗaurewa a jikin itace, wadda ke ɗaukar hoto da kanta idan wani abu ya gilma. Mafarauta ne suka cika daji da ita domin sanin hanyar barewa, sai ga shi ta zama mai ba su shaida. Gani ya kori ji. Maharbin da a da ake ce masa ka kawo shaida, yanzu shi ne ke kawo mafi yawan abin da hukuma ta sani.

A watan Maris na 2025 wani mazaunin gundumar Ontonagon ya ɗauki hoton ƴaƴan zakin tsauni biyu, masu kimanin mako 7 zuwa 9. Hukumar ta tantance ta kuma sanar cikin mako ɗaya, tana mai cewa wannan ne karon farko cikin fiye da shekara 100 da aka tabbatar da ƴaƴa a jahar. A watan Disambar shekarar wata kamarar itace ta ɗauko su sun girma suna bin uwarsu.

Ita kuwa Mizuri tun a 1996 ta kafa irin wannan tawaga, shekara biyu bayan wasu mafarauta sun harbe zakin tsauni a kudancin jahar. Tana buga jerin duk abin da ta tabbatar, da gunduma da irin shaidar, kuma adadin ya haura 100. A farkon 2017 ta sanar da cewa yawun da aka samu a jikin wata dabbar da aka kashe a gundumar Shannon na mace ne. Wannan bai kashe jita-jita baki ɗaya ba, amma wanda ya kawo rahoto ya san za a zo, za a duba, za a kuma ba shi amsa ko da amsar ita ce kare ne.

A yamma gardamar ta ƙuri'a ce

A jahohin yamma babu mai musun akwai dabbar. Abin da ake ja a kai shi ne nawa ne, kuma wa zai yanke hukunci. A 1990 masu zaɓe a Kalifoniya suka haramta farautarsa don nishaɗi. Oregon a 1994 da Washington a 1996 suka haramta binsa da karnuka. Da yake mafi yawan masu ƙuri'a a birane suke, mutanen karkara sun ɗauki abin a matsayin hukuncin waɗanda ba su taɓa asarar ɗan maraƙi ba. A 2023 majalisar jahar Utah ta bi ta ɗaya ɓangaren, ta buɗe farautarsa duk tsawon shekara. A watan Nuwamban 2024 kuma aka kai batun haramta farautarsa gaban masu zaɓe a Kolorado, kimanin kashi 55 cikin 100 suka ƙi. A wannan yaƙin neman zaɓe, mafarautan da suka saba sukar hukuma su ne suka fito suna kira a bar wa masananta aikinsu.

Namu zakin na takarda

A Afirka ta Yamma mun ga irin wannan matsala, amma a juye. A Amurka jama'a ne ke cewa akwai, hukuma na cewa a kawo shaida. A nan takardu ne suka daɗe suna cewa akwai. Wata tawagar masana ƙarƙashin Philipp Henschel na ƙungiyar Panthera ta yi shekaru tana bin gandayen daji 21 da ake kyautata zaton akwai zaki a cikinsu. Sakamakon da aka wallafa a Janairun 2014 ya nuna a wurare 4 kawai aka tabbatar da shi: Niokolo-Koba a Senegal, Kainji da Yankari a Najeriya, sai kuma haɗaɗɗen dajin W da Arli da Pendjari da ya ratsa Nijar, Burkina Faso da Benin. Duka-duka an ƙiyasta kimanin zaki 400, mafi yawansu a wannan daji na ƙarshe. A 2015 aka sa zakin Afirka ta Yamma cikin jerin dabbobin da ke bakin ƙarewa. Tun daga lokacin rashin tsaro ya shiga dajin W, ya sa aikin ƙidaya ya ƙara wuya.

Ƙididdigar da ba a taka ƙasa aka yi ta ba tana ruɗin mutane, ko ta ce akwai ko ta ce babu. Kuma wanda ya fi kowa sanin abin da ke cikin daji shi ne mai shigarsa kullum: maharbi, makiyayi, mai neman zuma, mai saran itace. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Amma muddin makiyayi na tsoron in ya faɗa wa ma'aikacin gandun daji cewa zaki ko kura sun kashe masa saniya, tara za ta biyo baya kan shiga daji, to shiru zai yi, wani ma ya sa guba a mushen.

Abin da jahohin Amurka suka gyara bai buƙaci dukiya mai yawa ba. Sun ware mutanen da ke zuwa idan an kira, sun faɗi irin shaidar da suke karɓa tun kafin a kawo, sun riƙa sanar da sakamako da wuri, sun kuma daina cewa babu a inda ya kamata su ce ba mu tabbatar ba tukuna. Su ma mafarautan sun koyi ɗaukar hoton sawu tare da ajiye wani abu a gefensa don a gane girma, da rufe shi kada ruwa ko iska su share kafin jami'i ya zo. A yau da kusan kowane ɗan kasuwa da makiyayi ke da wayar salula mai kamara a aljihu, muna ganin sarakunan baka da ma'aikatan gandun daji na yankunan kan iyakarmu na iya zama su shata irin wannan ƙa'ida: wa za a kira, me za a nuna masa, kuma kwana nawa za a jira amsa.